Na'urar numfashin barci: ka fara da haya kafin ka saya

Matata ce ta fara ganewa. Ni dai abin da na sani shi ne ina tashi da ciwon kai, baki a bushe, kuma ko a tsakiyar taro gyangyaɗi ba ya raga mini. Ita kuwa tana kwance tana saurare: minshari ya yi ƙarfi, sai shiru, shirun ya yi tsawo har ta miƙa hannu ta girgiza ni, sai in ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da aka yi mini gwajin barci, aka tarar numfashina yana tsayawa ko ya ragu sosai fiye da sau 30 a kowace awa. A ma'aunin likitoci, daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Shi ke nan aka haɗa ni da na'urar CPAP.

Mutane da yawa suna ɗauka iskar oksijin take bayarwa. A'a. Iskar ɗakinka take zuƙa, ta tace, ta huro maka da ɗan ƙarfi ta tiyo zuwa takunkumin da ke fuskarka, don kada maƙogwaro ya rufe idan tsokokinsa suka saki cikin barci. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a birnin Sidni a 1981. Ƙarfin iskar a ma'aunin na'urar yawanci tsakanin 4 ne da 20, kuma likita ne zai faɗa maka naka, ba mai sayarwa ba.

Shawarata ta farko: kada ka saya a makon farko. Ka karɓi haya ta wata ɗaya ko biyu. Ba don na'urar ba, ita kusan duk aikinsu ɗaya. Takunkumin shi ne rigimar. Iri uku ne: mai rufe hanci da baki, mai rufe hanci kaɗai, da ɗan ƙaramin da ke zama a bakin ƙofofin hanci. Ni da babban na fara. Dare na uku iska ta riƙa sulalewa ta sama tana hura mini ido, na ƙara ɗaure igiyar, da safe na tashi da jan tabo a karan hanci kamar an ɗora mini ƙarfe mai zafi. Ashe ƙara ɗaurewa ƙara ɓata shi yake yi, domin robar tana bukatar ta ɗan kumbura da iska kafin ta manne. Sai da na sauya sau biyu na dace da ƙaramin, tare da wani ɗan ɗamara da ke riƙe haɓa don kada baki ya buɗe. Da na saya tun farko, da tuni na jefa komai ƙarƙashin gado na ce abin ba nawa ba ne. Idan za ka gwada takunkumi, kada ka yarda a sa maka kana zaune. Ka kwanta, a kunna na'urar, ka juya gefen da ka saba kwanciya. Mai gemu kuma ya san babban takunkumi ba ya shiri da gashi.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka tambayi abu uku: za a cire kuɗin hayar daga kuɗin saye idan ka yanke shawarar saya? Wa zai gyara idan ta tsaya? Za a sauya maka takunkumi idan bai zauna ba? Na'urar tana iya zama ta haya, amma takunkumi da tiyo su zama sababbi, naka na kanka.

Idan lokacin saye ya yi, a ƙasashe da yawa sai da takardar likita. Ni na zaɓi mai daidaita ƙarfin iska da kanta, wadda take ƙarawa idan ta ji maƙogwaro zai rufe, ta rage idan komai ya lafa. Ka duba ko matatar iska, tankin ruwan da ke sa wa iskar danshi da robar takunkumin suna samuwa cikin sauƙi, don su ne za ka riƙa saye a kai a kai. Wanda zai sayi ta hannu, ya shiga cikin allonta ya ga awannin da injin ya yi yana aiki, ya kuma kunna ta ya shinshina iskar. Wadda ta zauna a ɗakin mai shan taba ba ta rabuwa da warin. Ya kuma binciki lambarta, domin a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana iya ruɓewa ya bi iska. Har yanzu irinsu na yawo a hannun mutane.

Akwai ƙananan na tafiya, irin AirMini ta ResMed, wadda nauyinta bai wuce giram 300 ba. Suna da daɗin ɗauka, amma ba su da tankin ruwa, kuma ba kowane takunkumi suke karɓa ba. In guda za ka iya saya, sayi babbar.

Tafiya kuma, darasin farko da kuɗina na saye shi. Wata safiya ina sauri na cusa na'urar a jaka ban zubar da ruwan tankin ba. Da na isa masauki na buɗe, ruwan ya gangara cikin injin. Kwana biyu na yi ba na'ura, na koma gidan jiya, ciwon kai da komai. Yanzu kafin in wanke fuska ma na zubar da ruwan, na kife tankin ya bushe.

Kada ka taɓa ba da ita a sa cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi. Akwati yana ɓata, kuma jifa ake yi da shi. A Amurka doka ta ce ba a ƙirga na'urar lafiya cikin jakar hannu, kamfanonin jirage da yawa ma haka suke yi, amma ka kira su ka ji da kunnenka. In kana son amfani da ita a cikin jirgi, ka sanar da su da wuri, wasu suna neman awa 48. Ka riƙe takardar likita. A wurin bincike za su iya cewa ka fito da ita daga jaka, don haka nake sa ta cikin farar leda, don ban san takalman mutum nawa suka bi ta cikin tiren nan ba.

Batun wuta ba shi da wuya: yawancinsu suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, ka duba rubutun jikin cajar, sai ka nemi kan filogin ƙasar da za ka. Batirin litiyam a jakar hannu yake tafiya. Wanda bai kai awa-wat 100 ba (ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, Wh) ba a hana shi, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin. In da batir za ka kwana, kashe abin ɗumama ruwan, shi ke shanye cajin. Ruwan tankin kuwa, tataccen ruwan kantin magani ya fi, amma in babu, na kwalba zai yi na 'yan kwanaki, ka dai wanke farin dattin da zai bari.

Sai doguwar wayar jona wuta. Na taɓa shiga ɗakin otal da soket ɗinsa ɗaya ne, can bayan talabijin. Daren nan ni da matata muka ja katifa ƙasa, muka kwana kusa da ƙofar banɗaki. Tun daga ranar wayar mai mita uku take zaune a aljihun jakar na'urar, ba na fito da ita ko ina gida.