Yadda za ka riƙe yaran shago har aiki ya tafi ko ba ka nan

Ni ɗinki nake yi a Samaru ta Zariya, keke biyar da injin yi wa riga aiki ɗaya, mu bakwai ne har da ƴan koyo biyu, kuma na daɗe cikin halin da in na shiga kasuwar Sabon Gari sayen zare kafin in kai Kwangila an kira ni sau uku, "Oga mai farar shaddar nan ya zo, nawa za a karɓa?" Da ina ganin laifin yaran ne, ashe ni ne na ƙulle komai a kaina. To ga yadda na warware, ko kai mai gidan burodi ne ko mai shagon fotokwafi zai yi maka amfani.

Fara da raba aiki, ka faɗa da baki a gaban kowa. Wane shi ne mai yanka, wane haɗawa, wane aikin wuyan riga, ƙananan su ne guga da sa maɓalli da shara. In ka ce "ku gama kayan nan yau" ba ka kama sunan kowa ba, to ka sani da magariba za ka same su yadda ka bari, kowa na jiran ɗan uwansa.

Sai littafi. Malam ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, duk kayan da suka shigo a rubuta sunan mai su, awo, ranar karɓa, abin da ya bayar, abin da ya rage, da sunan wanda zai ɗinka, sannan a yanki ɗan ƙyalle a manna a gefe. Wannan ƙyallen kaɗai ya kashe mana rigimar an musanya min yadi. Kuma kuɗin ɗinki ka rubuta ka kafa a bango, kaftani kaza, babbar riga kaza, na yara kaza, sai kiran waya ya ragu da kansa.

Maganar kuɗi nan ne ake ɓatawa, don haka bari in ɗan tsaya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya koma transfa, kwastoma sai ya tura wa yaron da ya tarar a shago ta OPay ɗinsa, yaro kuma ba sata ya yi niyya ba amma kuɗi na waya, yunwa na ciki, sai ya ci da niyyar zai mayar, ƙarshe ka rasa yaron kirki saboda dubu uku. Asusu ɗaya na shago, lambar a manne inda kowa zai gani, in akwai POS ya fi, kuma kar a ba da kaya sai an ga alat. Yaran ma haƙƙinsu ka sa masa rana kar ka saɓa, mu ranar Alhamis da yamma muke lissafi, kowa a ƙirga abin da ya ɗinka a ba shi, ya shiga Juma'a da abinsa. Ko kasuwa ta yi sanyi ka biya su kafin ka biya kanka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wanda ke zuwa daga Tudun Wada ko cikin gari kuɗin mota kaɗai ya ishe shi, gwamnati ma a 2024 sai da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, to kai da har yanzu kake biyan kuɗin wando na shekara uku baya me kake tsammani? In ka ƙara wa kwastoma kuɗi ka ƙara musu kaso a ranar, suna gani fa, ba makafi ba ne.

In yaro ya ɓata aiki kar ka zage shi gaban kwastoma. Ka ba mutum haƙuri da bakinka, kai ne mai shago, in ya tafi ka ja yaron gefe ka nuna masa inda almakashi ya kauce. Yabo kuma shi ake yi a bainar jama'a. Sannan a kula da ɗan uwa, in ɗan yayarka na shago yana zuwa sha ɗaya saura suna zuwa takwas kai kuma ka yi shiru, wallahi ka gama rusa dokarka da hannunka.

Azumi shi ne jarrabawar tela. Kafin ka karɓi kayan Sallah ka zaunar da su, kowa ya faɗi nawa zai iya a rana tsakaninsa da Allah, ka rage kaɗan saboda wuta da janareta, in lissafi ya cika a rufe littafi ko waye ya zo. Kwaɗayin oga ne ke sa yara kwana uku ba barci har a ɗinka hannun riga a baibai. Masu kwana kuma buɗa-baki da sahur a wuyanka suke.

Ranar wuya ka gaya musu gaskiya. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata takwas ɗalibai ba sa Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, Samaru ta yi tsit, na buɗe musu littafi suka ga abin da ke shigowa da idonsu, su da kansu suka kawo shawarar a riƙa zuwa karɓa-karɓa kuma mu nemi ɗinkin yunifom na makarantun firamare, da haka muka rayu.

Daga nan ka fitar da wakili, ba lallai wanda ya fi iya ɗinki ba, wanda in ya yi magana saura ke ji. Ka sanar a gaban kowa, ka faɗa masa iyakarsa, zai iya karɓar kaya, zai iya rage ɗari biyar, bashi kuma sai ya kira ka. In ya yanke hukunci bai yi maka ba kar ka soke a gabansu, ku yi ta a bayan shago. Sai ka gwada, ka zaɓi wata Talata ka ƙi zuwa gaba ɗaya, washegari da safe ka buɗe littafi ka ga inda aka tsaya, duk abin da ya sa aka kira ka ranar shi za ka rubuta ka ƙara a bango.