Kurakuran da hukumomin birni ke yi wajen tsara harkar abinci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar wa ma'aikatar gona maganar abinci ita kaɗai. Fili yana hannun masu tsara birni, kasuwa da mayanka suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, shara kuma tana hannun wata hukumar daban. In ba su zauna tare ba, sai wannan ya raba wa manoma iri, wancan ya yanka gonar ya yi fuloti. Birnin Belo Horizonte na Brazil ya kafa ofishi guda na harkar abinci tun 1993, har yana bai wa 'yan kasuwa rumfa a filin hukuma da sharaɗin su sayar da wasu kayan lambu a farashin da aka ƙayyade.

Sai batun fili. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ɗora filayen cikin birni a hannun gwamna, don haka alƙawarin baki daga ƙaramar hukuma ba ya kare mai lambu. Wanda bai san ko zai kai baɗi a filin ba ba zai haƙa rijiya ko ya dasa mangwaro ba. Gyaran shi ne a shata fadamu a taswirar birni, a ba da takardar haya ta shekara biyar ko goma.

Ruwa ne inda aka fi yin ɓarna. Masu lambu a bakin kogin Jakara a Kano suna ban ruwa da ruwan da ya kwaso dattin gidaje da na masana'antun Bompai. Korarsu ba ta magance komai, gaba kawai za su matsa. Ƙwayoyin cuta suna raguwa in aka bi da ruwan ta kwarin kunya maimakon a watsa shi kan ganyen latas, aka kuma daina ban ruwa 'yan kwanaki kafin a cire. Amma sinadarin majema ba ya fita da wanki. Wannan sai a tilasta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi.

Ana kuma ɗokin gina ɗakin sanyi alhali tumatir tun a kwando yake lalacewa: ana jibga kwando kan kwando, na ƙasa ya matse, tsinken kwandon ya huda shi. Akwatin roba mai cin kilo 25 yana hawa kan ɗan'uwansa ba tare da ya danne kayan ba. Inda shirin ke mutuwa shi ne dawo da akwatunan, domin dillali ba zai biya kuɗin motar fanko ba. A kafa wurin haya da wanki a kasuwa irin 'Yankaba ta Kano tukuna.

Shara kuwa, manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasarta zuwa gona. Ta yanzu cike take da leda da batir. A ware ragowar kayan gwari tun a kasuwa, a tara, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, cikin wata biyu zuwa uku ta zama taki.