Yadda ake jera furanni a kwano ba tare da koren soso ba

Duk wadda ta taɓa aikin ƙawata wurin biki ta san koren soson nan da ake jiƙawa a ruwa a sossoke furanni a jikinsa, wanda muke kira Oasis. Wani Ba'amurke mai suna Smithers ne ya fito da shi a jihar Ohayo a 1954. Sunansa kawai soso, amma ba shi da dangantaka da soson wanka da ke yaɗo a jikin danga. Roba ce da aka haɗa da sinadaran fenol da fomaldehaid, ba ya ruɓewa, sai dai ya marmashe. Ki murza busasshensa a hannu ki ga koren garin da zai manne miki a yatsu. Wannan garin ne ke bin kwata idan muka matse soson bayan an tashi daga biki. A 2019 masu bincike a jami'ar RMIT da ke Ostareliya sun nuna cewa ƙananan halittun ruwa suna haɗiyarsa, kuma daga 2021 babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, ta hana amfani da shi a wuraren baje kolinta, har da na Chelsea da ke Landan.

Ni na daina sayensa, kuma aljihuna ma ya huta, domin soson da aka huda sau ɗaya ya gama aiki. Abin da ya maye gurbinsa a wurina shi ne ragar waya irin ta kejin kaji, wadda ake yankowa a wurin masu kayan gini. Wadda na saya tun bara har yanzu ita nake juyawa.

Ki tanadi ragar mai ido kamar inci ɗaya zuwa biyu, da filaya, da baƙin salatef irin na masu gyaran wuta, da wuƙa ko almakashi mai kaifi, da bokiti biyu masu tsabta, sai mazubi. Game da mazubi ina da ra'ayi mai ƙarfi: kwanon samira ko tasa mai nauyi, mai zurfin da ya kai tsawon yatsa ko ya fi. Kasko da ƙwarya sun fi kyau a ido, na yarda, amma kasko yana tsattsafo ruwa ya ɓata zanen tebur, ƙwarya kuma ba ta zama daram. In kin nace sai su, ki nutsa ƙaramin kwano a ciki, ki tokare shi da yashi.

Farko dai furannin. Kada ki ce lallai sai fulawar ros da aka ɗauko a jirgi daga gonakin bakin tafkin Naibasha na Kenya. Akwai masu noman furanni a Jos, akwai masu lambun bakin hanya a kusan kowane babban gari, sannan rabin abin da ke cika kwano ganye ne ba fure ba. Ganyen turare, ganyen mangwaro wanda ya ƙosa, kan gero, jar dawa, reshen zoɓo da jajayen 'ya'yansa, busasshiyar gamba, duk ina sa su kuma babu amaryar da ta taɓa ƙorafi. Tumfafiya da tinya kam ki bar su a inda kika gan su, farin ruwan jikinsu yana illa ga ido. A yanka da asuba ko bayan la'asar sakaliya, a tsoma a bokiti nan take. Ki zage duk ganyen da zai nutse a ruwa, ki sake datse gindin kowane kara a karkace, ki bar su cikin ruwa a ɗaki mai sanyi su kwana, ko aƙalla su yi awa huɗu. A kowace lita nakan zuba ƙaramin cokali ɗaya na sukari, da ɗan ruwan lemon tsami, da ɗigo uku ko huɗu na bilic. Sukarin shi ne abincin furen, bilic ɗin kuma yana hana ruwan yin yauƙi ya toshe karan.

Yanzu ga wurin da kusan duk wadda na koya wa take faɗuwa, ni ma a nan na faɗi: naɗa ragar.

Ki yanko ragar da faɗinta ya ninka bakin kwanon kamar sau biyu, ki lanƙwashe bakunan wayar ciki da filaya don kada su yage miki hannu ko su kankare kwano. Sai ki dunƙule ta sako-sako kamar ana dunƙula takarda, ta zama ƙwallo mai hawa biyu ko uku. Kalmar da nake so ki riƙe ita ce hawa. Kowane kara dole ya ratsa ido biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, domin wuri biyu ne ke riƙe shi a kusurwar da kika sa shi. Masu koyo kashi biyu ne. Wasu sukan shimfiɗa raga falle ɗaya a bakin kwano kamar murfi, sai kowane fure ya riƙa lilo, da an taɓa tebur ya kwanta. Wasu kuma saboda tsoron haka sukan matse ragar tamau har idanun su toshe, kara ya ƙi shiga, a yi ta tura shi da ƙarfi har ya kuje ko ya karye. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in tura fensir ta sama. In ya shiga ba gardama ya tsaya a karkace bai faɗi ba, naɗin ya yi. In ya faɗi, a ƙara hawa. In ya ƙi shiga, a sa yatsu a buɗa.

Ƙwallon ya cika kwanon har ya ɗan tokare gefe da gefe, ya kuma ɗan turo sama da baki kamar yatsa biyu. Wannan tudun ne ke ba ki damar soka ganye ta gefe ya zubo ƙasa ya rufe bakin kwano.

Sannan a ɗaure da salatef, layi biyu a gicciye, daga wannan baki zuwa wancan, a kuma zagaye bakin kwanon da wani layin ya danne ƙarshensu. Kwano a bushe ƙayau, kafin a zuba ko ɗigon ruwa. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya same ni a wani kamu. Ina sauri, na riga na cika kwanuka da ruwa sannan na tuna salatef, na goge bakin da gefen mayafina na manna. Ya yi kamar ya kama. Da na gama jera dogayen kan dawa a gefe guda, nauyi ya rinjaya, salatef ɗin ya saki a hankali ba wanda ya lura. Ana tsakiyar liƙi sai ragar da furannin gaba ɗaya suka kifo gaban uwar amarya, ruwa ya bi farin zanen tebur ya sauka a kan leshinta. Ba ta ce mini komai ba sai "Ba komai, 'yata, tsautsayi ne," kuma wannan ya fi mini zafi a kan faɗa. Tun ranar, nakan kama ragar da yatsa in ɗaga kwanon sama kafin in zuba ruwa. In kwanon ya biyo hannuna, to ta ɗauru.

Akwai wani ƙarfe mai nauyi da allurai a tsaye da Japanawa ke amfani da shi a fasaharsu ta jera furanni mai suna ikebana, suna ce masa kenzan. Yana da kyau ƙwarai ga kwano marar zurfi, sai dai tsada da wuyar samu. Ga mai tebur talatin, raga ta wadatar. A gilashi mai haske kuwa, inda waya za ta fito fili, ki cusa ƙananan rassa a gicciye ko tsakuwa wankakkiya.

Jerawar kanta ba wuya. Ki cika ruwa, ki fara da ganye mai kauri daga gefe kina juya kwanon, domin karansu na sarƙewa a ciki su ƙara riƙo. Sai manyan furanni, sai ƙanana a cike gurbi. Kowane kara ya kai cikin ruwa sosai, kar ya tsaya a saman raga. Daɗin wannan hanya shi ne in wuri bai yi miki ba sai ki zare ki sake, babu ramin da zai rage.

Wajen ɗauka, ki rage ruwan zuwa rabi, ki jera kwanukan a kwali ki cusa tsumma a tsakaninsu, ki tafi da jarka ki ƙara a can. Kar a ajiye su kusa da ayaba ko mangwaro nunannu, ko inda hayaƙin janareta ke bugawa, duka suna sa fure ya zube da wuri. Lokacin hunturu ki nisanta su da fanka.

Bayan biki a zare furannin, waɗanda ke da sauran rai a raba wa dangi, sauran a zuba a ramin taki. Waɗanda aka sayo daga gona kada a ba awaki, saboda maganin feshi. Ragar kuma a wanke ta, a shanya a rana ta bushe sarai don kada ta yi tsatsa, a bar ta a dunƙule cikin kwanonta har aiki na gaba.