Kafin ka sayi kwamfutar nutso ta farko

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga masu koyon nutso da tukunyar iska da ke tambayar wace kwamfuta za su ɗaura a hannu: kada ku bi tsada.

Aikinta shi ne auna zurfi da lokaci, ta lissafa naitirojin da jiki ya sha (wani sinadari ne a cikin iskar da kake shaƙa, mai taruwa a jiki a ƙarƙashin ruwa), ta yi ƙara idan kana tasowa da gaggawa, ta kuma nuna maka ka tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin ka fito. Ƙanana irin su Suunto Zoop Novo da Mares Puck Pro duk suna yin wannan.

Abin da ya fi shafarmu shi ne tudu. Ƙasar Kano ta haura mita 400 sama da teku, alhali lissafin naitirojin da aka saba na wuraren da ba su wuce mita 300 sama da teku ba ne. Idan a dam ɗin Tiga za ka shiga, to tabbatar kwamfutar tana da saitin tudu, ka saita kafin ka jiƙa ƙafa. Ruwan dam kuma da damina jawur yake, ko tafin hannunka da ƙyar ka gani, sai ka nemi mai manyan lambobi da fitila.

Batir ya zama wanda za ka canza da kanka, don daga ƙauye babu inda za ka kai gyara. Kuma kowa da tasa, mutum biyu ba sa nutso da kwamfuta ɗaya.