Yadda ake magance ɓatan fayil ɗin .h wajen harhaɗa shirin C

Duk wanda ya fara koyon harshen C a kan Linux, da wuya ya daɗe bai ci karo da saƙon da ke cewa "fatal error: stdio.h: No such file or directory" ba. Abin da GCC, wato manhajar da ke harhaɗa shirin C, yake nufi shi ne, ya iso layin #include, wanda ke kiran fayil ɗin .h, ya leƙa wuraren da ya saba dubawa, bai sami fayil ɗin ba, don haka ya tsaya cak.

Fara da duba rubutun sunan, domin Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami, wato Stdio.h daban, stdio.h daban. Sannan ka lura da alamomin da ke kewaye da sunan: idan ka rubuta #include "lissafi.h", GCC zai fara nema a foldar da shirinka yake, amma #include <lissafi.h> ba ya leƙa wannan folda. Idan fayil ɗin yana wata folda mai suna kaya, sai ka nuna masa hanya da gcc -I kaya shiri.c.

Idan kuwa stdio.h ne kansa ya ɓace, to ba a girka kayan harhaɗawa gaba ɗaya ba. A Ubuntu da Debian, sudo apt install build-essential yana kawo libc6-dev, wanda fayil ɗin yake ciki. Haka abin yake ga sauran laburare, kuma a nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, saboda laburaren na iya kasancewa a kwamfutar yana aiki lafiya, alhali fayilolinsa na .h suna cikin wani ƙunshi dabam mai ƙarewa da -dev. Misali, zlib.h yana cikin zlib1g-dev, Python.h kuma yana zuwa ne idan ka girka python3-dev. Umarnin apt-file search zlib.h zai faɗa maka ƙunshin da ya dace.

Ina roƙonka kada ka sauko da fayil ɗin .h shi kaɗai daga intanet ka jefa shi cikin /usr/include, domin sanarwar ayyuka kawai yake ɗauke da ita, ainihin ayyukan suna cikin laburare, kuma ƙarshenta za ka haɗu da saƙon kuskure mai cewa "undefined reference". Wannan ya fi shafar conio.h, wanda tsofaffin littattafan Turbo C suke amfani da shi tun zamanin DOS. Babu shi a GCC na Linux, saboda haka ka goge layin, ka cire clrscr(), sannan ka sa getchar() a madadin getch().