Yadda za ka sa agogon jikinka ya riƙe maka karatu

Duk shekara, da jarrabawar WAEC ta matso, sai in ga ɗalibaina suna shigowa aji ido jajir, wani har yana gyangyaɗi da biro a hannu, ya kwana karatu da kofin shayi. Abin yana ci mini rai, don na san rabin wahalar nan a banza take tafiya.

A kusan kowace ƙwayar jikinka akwai agogo. Ƙwayoyin gado biyu, CLOCK da BMAL1, su ke tayar da wasu ƙwayoyin gadon, PER da CRY. Furotin ɗin da PER da CRY ke samarwa sai ya taru, ya dawo ya danne masu tayar da shi, sannan ya narke a sake daga farko, zagaye guda kusan awa 24. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young ne suka warware tushen wannan a jikin ƙudan 'ya'yan itace, aka ba su kyautar Nobel a 2017. Agogon yana bugawa har a hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa da ke ɗaure sabon abin da ka koya. Ɓerayen da aka cire wa BMAL1 suna shan wuya wajen tuna abin da aka koya musu.

To, fara da tsayar da lokacin tashi, har ranar hutu. Bayan sallar asuba kada ka koma bargo. Gari na wayewa ka fito tsakar gida, domin hasken da ya shiga ido da safe shi ne ke saita babban agogon da ke ƙwaƙwalwa, sauran su bi shi.

Sabon darasi mai wuya, karanta shi tsakanin magariba da isha, ka rufe littafi, ka kwanta. A nan ɗalibai suka fi yi mini gardama, suna ganin barci asarar lokaci ne. A Jami'ar Wisconsin, Giulio Tononi da Chiara Cirelli sun auna mahaɗun jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka ga bayan barci girmansu ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100, amma manyan cikinsu ba su taɓu ba. Wato ana share tarkacen yini, a bar abin da ya kafu, a samu wurin ɗaukar na gobe. Matashi na bukatar awa 8 zuwa 10. Idan ƙarfe 5:30 kake tashi, 9:30 ta same ka a shimfiɗa.

Da safe, kafin ka buɗe littafi, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka duba inda ka yi gyara. Masu hadda sun daɗe a kan haka: a biya da dare, a yi tilawa da asuba.

Shayi da kofi, yi sallama da su daga la'asar, don bayan awa biyar kusan rabin sinadarinsu mai hana barci yana nan a jini. Waya kuma, bar ta a falo tana caji. Daren jarrabawa ma kada ka sauya komai. Haɗa biro da katin shiga tun da yamma, ka kwanta lokacin da ka saba.