Yadda ake addu'ar Rosari a gida

Bayan abincin dare a tara yara, a kashe talabijin.

Da farko ka riƙe gicciyen da ke jikin Rosarin, wato carbin addu'a na Katolika, ka yi alamar gicciye, ka faɗi "Na ba da gaskiya". Sai "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" 3, da "Ɗaukaka ga Uba".

Daga nan ka ambaci asirin farko. Asiri a nan wani abu ne daga rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansa, kowace rana kuma da nata guda 5. Litinin da Asabar na farin ciki ake yi, Talata da Juma'a na baƙin ciki, Laraba da Lahadi na ɗaukaka. Alhamis kuwa na haske, waɗanda Paparoma John Paul na biyu ya ƙara a 2002.

Kowane asiri "Ubanmu" ɗaya ne, "A gaishe ki Maryamu" 10, sannan "Ɗaukaka", har sau 5. Kada a yi gaggawa. Ni nakan bar autanmu ya ja asiri ɗaya, ko da harshensa na sarƙewa.